Murfin Sabon Lagireto

Tunda ka ce daga yau ka sake hali, tsaya ka ji misalin wani mutum kafin ka yi rantsuwa.

Mai ɗinkin babbar riga ne, irin masu aikin hannu da allura da zaren alharini, hannunsa na dama shi ne gonarsa shi ne rumbunsa. Ya gaji wata tsohuwar mota wajen mahaifinsa, mai dogon hanci da ƙarfe mai kauri, wadda aka daina ƙera irinta tun yana goye. Yana ji da ita ƙwarai. Cutarta ɗaya ce, lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. Ya tsufa ya huhhuje. An liƙe shi da dalma, an cusa masa sabulu, har garin taba an zuba masa, yoyo dai bai fasa ba. Don haka mutumin ba ya tafiya sai da jarka, kuma a hanyar garinsu yana da wuraren tsayawa da kowa ya san shi da su: rijiyar bakin kasuwa, gindin tsamiya, sai kan tudu bayan gada. Ya tsaya, ya ɗaga murfin inji, ya murɗe murfin lagireto da tsirarar hannu, ya ɗura ruwa, ya wuce. Tururi ta ko'ina yake tsiyayewa a wannan ruɓaɓɓen tanki, shi ya sa bai taɓa ƙona shi ba. Shekara da shekaru haka, har ya kai yana yi yana hira, ko kallon hannunsa ba ya yi.

Da abin ya ishe shi sai ya nemi sabo. Na kamfaninta ba ya samuwa ko wajen 'yan gwangwan, sai ya sayi ƙirar zamani, na sanholo, fari ƙal. Bakanike ya wuni yana fama, don ƙafafun sabon ba su zauna a ramukan tsohon ba. Sai da aka huda wasu, aka yi masa ƙarfen tallafi, aka sake tiyo sama da ƙasa. Da ya gama ya cika ruwa, ya bar inji yana aiki har iska ta fice, ya ɗaure murfi tam, ya ce, "Maigida, wannan ba ya yoyo, ba ya huci, duk zafinsa a ciki yake riƙewa. Kada ka taɓa murfin nan sai inji ya huce." Mutumin ya ce ya ji, har da 'yar dariyarsa, wai shi da ya girma a gindin motar nan za a koya wa zuba ruwa.

Ya kama hanyar gida da rana tsaka. A kujerar baya akwai rigar angoncin ƙaninsa, saura aikin wuya, ya yi alkawarin ƙarasawa a can tunda ɗaurin aure jibi ne. Da ya zo rijiyar bakin kasuwa, ƙafarsa da kanta ta nufi birki, ya janye ta. A gindin tsamiya mai shayi ya ɗaga masa hannu, ya wuce yana jin kamar ya bar wani abu a baya. Daga nan hankalinsa ya ƙi kwanciya, idonsa rabi a titi rabi a kan ɗan tsinken da ke nuna zafin inji. Da ya fara hawan tudu, tsinken ya ɗan ɗaga. Kowace mota haka take yi a hawa, kuma bai kai ko kusa da jan layin haɗari ba, amma gaban mutumin ya faɗi. To in bakaniken bai ɗaure tiyo sosai ba fa? In ruwan ya zube tun a baya, inji ya buga, motar mahaifinsa ta mutu a hannunsa? Ya ce ba zai taɓa komai ba, dubawa kawai zai yi.

A kan tudun ya tsaya, daidai inda ya saba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe, ko ɗigo babu. Abin da ya kamata ya sanyaya masa rai ke nan, amma shi tsohon lagireto ya koya masa cewa in ɗiga ta tsaya, ruwa ya ƙare. Tsoro ya rufe shi. Ya ɗaga murfin inji, zafi ya bugi fuskarsa, kuma kafin maganar bakanike ta iso kunnensa, hannun dama ya riga ya murɗe murfin lagireto. Tafasasshen ruwa ya yi tsiri sama, ya wanke shi daga yatsu har gwiwar hannu.

Wani direban babbar mota ne ya tsaya ya kai shi asibiti. Da direban ya komo ɗaukar motar bayan ta huce, bai samu yoyo ko ɗaya ba, ruwan da ya ragu wanda ya zubo wa mai ita ne kawai. Ango ya ɗaura aure da rigar aro. Hannu ya warke, amma babban yatsa da manuni sun ƙage, ba sa iya riƙe allura. Motar kuwa har yau lafiyarta lau, ba ta neman ruwa a hanya, sai dai in an zo tudun nan, ka ga mai ita yana rage gudu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sabo turken wawa.