A Can Sama Na So In Tambaye Ki

Ka taɓa shirya komai tsaf, ka manta da abin da ya fi komai? Ni na yi.

Bayan la'asar na isa ƙofar gidansu Zuwaira a Tsafe, bakina cike da tsari, na fara zayyana mata. Da kaka ta kama za mu hau Dutsen Kwatarkwashi, mu da ƙannenta. Na kama mana motar tafiyar daga Gusau, na ƙirga kujeru, na ware mai riƙe ruwa.

Ba ta ɗago ba, bakin mayafinta kawai take murzawa.

"Tajuddeen, da an shigo da gero Baba zai tsayar min da miji. Muktar da shi ma yake nemana ya turo magabatansa jiya. Kai kuma mota ka kama."

Na ce, "A can sama na so in tambaye ki, wallahi."

"To, ga ni a ƙasa." Idonta ya ciko.

"Ki aure ni, don Allah. Gobe Kawuna zai zo wajen Baba."

"Yau. Da asuba Baba zai tafi gona, sai an gama yankan gero zai dawo."

Kawu yana Bungudu, wayarsa a kashe. Na tayar da babur na nufi can.

In akwai wadda kake ajiye wa magana, gwada faɗa mata yau, a inda take tsaye.