Hannayen da ke Cikin Tele

Na'ura uku Isufu ya jera a kan teburin shagonsa da ke kasuwar Gure. Malam Hamidu tela ya tsaya yana dubansu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen ragon layya.

Ta farko, in ji Isufu, kallo kawai ake yi da ita, ba ta ɗaukar komai. Ta biyu tana ɗauka, amma sai mutum ya tsaya a kanta ya danna da hannu. Ta uku kuwa agogo gare ta a ciki. Ka gaya mata rana da lokaci, ka tafi harkarka, ita za ta kwashe abin da dekodar parabol, wato akwatin tauraron ɗan adam, ta kawo, ta zuba shi a faifan DVD.

Hamidu ba mai son kayan zamani ba ne. Ko telen gidansa, ƴarsa Fa'iza ce ke kunna masa. Lalura ce ta kawo shi. Nan da kwana tara iyayen saurayin Fa'iza za su zo gaisuwa daga Damagaram, kuma an gaya masa mutanen gidan Alhaji Barmo, uban saurayin, sun san abinci, sun kuma iya ba da labarinsa in sun koma.

Shekara ashirin ke nan matarsa Mardiya tana yi masa tuwo da miyar kuka. Shi ya ce haka yake so tun suna amare, bai kuma taɓa sauya magana ba. Amma tuwon kullum ba abin da za a ajiye wa surukai ba ne.

Mafita a tele ya gan ta. Duk Alhamis da ƙarfe uku da rabi, wata tasha tana nuna shirin girki. Hannayen mace kawai ake gani a kan tukunya, wani namiji yana bayani. Hannayen ba su gaggawa, ba su kuma auna komai sau biyu. Hamidu ya san hannun gwani in ya gan shi. Matsalar ɗaya ce: da an kira la'asar yakan tashi, bai taɓa ganin yadda ake ƙarasa girkin ba. Ga shi an sanar cewa Alhamis mai zuwa za a yi burabusko da miyar yakuwa.

Da Isufu ya ji shirin da ake son ɗauka, sai ya yi murmushi, ya ce ai tun tuni ya kamata a ce an ajiye wannan a gidan. Hamidu bai gane ba, ya dai gyaɗa kai. Kwanan nan mutane na yawan yi masa irin wannan magana. Ko mahaucin bakin tasha ya taɓa ce masa shi kam ya more, Hamidu ya ɗauka ɗinkin Sallah ake nufi.

"Wacce za ta ɗauka ba na nan, ita nake so," ya ce. "Maiɗakina nake son ta koya."

Isufu ya dube shi. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana neman waya, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa har da ƙwalla. Ya nuna masa waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, kowanne da raminsa a bayan dekoda. Ya ƙara masa faifai biyu kyauta.

"Malam, ka bar ta ta ɗauka har ƙarshe," in ji shi. "Kada ka yanke."

A gida, Hamidu ya lallaɓa maganar don kada ran Mardiya ya ɓaci. Ya ce ba wai girkinta bai yi ba ne, ilimi ne ba ya yawa. Mardiya ta ce to. Mace ce marar dogon zance. Ko bara da ta yi sati uku a Damagaram wajen ƙanwarta, ta fara ba shi labarin tafiyar yana auna yadi, yana ta cewa madalla, madalla, har ta yi shiru.

Ranar Alhamis Fa'iza ta haɗa wayoyi, ta saita agogon. Hamidu ya tafi masallaci zuciyarsa rabi na gida. Da ya dawo ya tarar da jar fitilar na'urar ta mutu, faifai ya cika. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ba Fa'iza takarda da biro, ya kira Mardiya daga madafa ya ce ta zauna kusa.

Shirin ya fara. Hamidu yana nuni da telekomand, abin sarrafa tele daga nesa, yana cewa a dubi yadda ake turara tsakin, a dubi lokacin da ake zuba yakuwa. Sau biyu ya sa aka maido baya. Mardiya ta ja mayafi ta rufe baki. Fa'iza ba ta rubuta ko harafi ba, kafaɗunta sai rawa suke yi. Ya ce mata abin ba na wasa ba ne, aurenta ake magana.

Aka wuce inda ya saba tashi. Miya ta nuna, aka zuba a akushi, tururi na tashi. Hamidu ya haɗiyi yawu, ya ce duk namijin da ke cin abincin wannan baiwar Allah, ya kamata ya riƙa godiya safe da yamma.

Mai bayani ya ce kamar kullum, za a rufe da gaisuwar mai girki. Hoton ya bar akushi, ya bi hannayen ya yi sama a hankali, sai ga Mardiya cike da tele, tana murmushi, tana gaida mutanen Gure da maigidanta Malam Hamidu tela.