Barcin Gado na Bakwai

Ranar da ta fara ganinsa yana kwance ne a ƙarƙashin wani gado a ɗakin majinyata, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya zo gyaran tayar gadon. Da ya fito yana kakkaɓe riga, sai ya ce mata gadon nan ya fi duk majinyatanta buƙatar likita. Ba ta yi dariya ba, amma tun daga ranar take kiransa Injiniya don tsokana. Sau uku ya nemi aurenta cikin shekara biyu, sau uku tana cewa sai ta yi tunani.

Yanzu a saman gado yake, na bakwai, wata ƙwayar cuta ta kumbura masa ƙwaƙwalwa.

Ita ce nas mai raba magani a ɗakin. Likita yana gwada melatonin a kan masu wannan ciwon, ƙari a kan maganin da aka saba ba su. Ya ce sinadarin barci ne da jiki ke yi da kansa, ana zaton zai rage kumburin, amma har yanzu zato ne. Rabin majinyatan za su sha shi, rabi kuma su sha ƙwayar da babu komai a cikinta sai sitaci. Kwalaben iri ɗaya ne, kowacce da lambar gado a jiki. Wa ke shan na gaske, wannan yana cikin ambulan a rufe, likitan kansa bai sani ba. Yayar Injiniya ta sa hannu a takarda.

Kwana huɗu yana sha, idonsa biyu. Yana juyi, yana fizge robar ƙarin ruwa, in nas ta wuce ya tambaye ta ko tunanin ya nuna. Yayar ta yi tsaki ta ce wane irin maganin barci ne wannan da ba ya sa barci, ga tsohon gado na biyu can ko motsi ba ya yi, shi dai ya dace da na gaske. Nas ta juya ta dubi gado na biyu.

Rana ta biyar 'ya'yan tsohon suka gaji suka ɗauke shi zuwa gida. Nas ce ta kwashe abin da suka bari a durowarsa.

A makon nan Injiniya ya fara barci. "Ƙanwata, kin ga ya samu natsuwa," in ji yayar. Barcin ya yi ta tsawo. Ya daina tsokana, daga baya ya daina amsa sunansa. Da haɗiya ta gagare shi, nas ta koma daka ƙwayar tana zuba masa ta robar hanci, ƙarfe shida na yamma, ta rubuta a kati, ta wanke hannu. Ba ta jin tsoro, ba ta jin komai. Hannunta ne kawai ke aiki.

Bayan mako biyu likita ya buɗe ambulan a ofishinsa, a gaban nas. Ya ce mutanen sun yi kaɗan, ba za a yanke hukunci ba tukuna. Gado na biyu sitaci yake sha, barcinsa na ciwo ne, ya ma rasu a gida. Gado na bakwai kuwa melatonin ne tun ranar farko, kuma lamarinsa ne ke ɗaure wa likitan kai: kwana huɗu yana farfaɗowa, sai kawai ya juya baya. Ya cire tabarau ya murza ido.

Ta fito ta bi baranda, ta wuce mai shara, ta wuce yayar da ke gyangyaɗi a benci. Ta ja kujera kusa da gadon, ta gyara masa matashi.

"Injiniya, na gama tunani," ta ce. "Ko yaya ka tashi, zan aure ka. Amma sai na fara komawa na gaya wa likita cewa tun rana ta biyar na juye taka kwalbar, ƙwayoyin tsohon nan nake ba ka."