Hannun da Ya Koyi Riƙo

Da Baba ya ɗauko dutsen guga ya nufo ɗansa yana ihun ɓarawo, hannun ɗan damben ya dunƙule da kansa.

Shekara da shekaru yana damben zamani, abu ɗaya hannun nan ya sani. Bara, da ciwon mantuwa ya fara ɓoye wa tsohon fuskar ɗansa, ture shi kawai ɗan ya yi, sai ga haƙarƙarin tsohon a karye. 'Yan'uwa suka ce a kulle tsohon a ɗaki kowa ya huta, sai ka ce tsufa laifi ne. Shi kuwa ya je ya shiga ajin judo, kokawar riƙo da kayarwa.

"Kai da naushinka ke kwantar da ƙato, ka koma koyon runguma?" in ji kocinsa yana dariya. "Ka ƙara da karate mana, ƙafa ma ta samu aiki."



Yau sai ya buɗe hannun. Ya shige ƙarƙashin hammatar Baba, ya rungumo shi, suka sulale ƙasa tare, bayansa ne ya daki siminti, ba na Baba ba. Dutsen guga ya yi gefe. Ya riƙe shi, bai matsa ba, bai saki ba, har numfashin tsohon ya lafa.

Ya shafa haƙarƙarin Baba. Ko ƙwarzane babu.

Baba ya ɗago kai. "Yaro, ɗan waye kai? Ka iya riƙon mutum."

"Naka ne, Baba."

"To, kar ka sake ni tukuna."