Tudun da Ya Ƙi Kwanciya

Dakta ta sake goge lambar da ke ɗan akwatin hagu, ta rubuta wata, ta danna. Layin da ke fuskar kwamfutar ya kwanta lumui kamar an bi shi da dutsen guga. Ta zuba masa ido na ɗan lokaci, sai ta ja tsaki ta mayar da lambar farko. Tudun da ke kan layin ya sake tasowa a inda yake.

Aikin ba baƙonta ba ne, shekara da shekaru shi take yi. Ana haska wa samfur hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ana ƙara masa ƙarfi sannu a hankali, manhaja kuma tana zana yawan hasken da samfurin ya shanye. Kowane ƙarfe da inda yake shan nasa, kuma a daidai nan layin yake tsalle ya bar tudu. Wanda ya iya karanta tudun ya san abin da ke ɓoye a ciki, ko da samfurin bai kai ƙwayar yashi ba.

Abin haushin shi ne manhajar ba ta da ra'ayin kanta, duk iyakar da aka ba ta ita take zanawa. In Dakta ta buɗe iyakar sama da ta ƙasa sosai, tudun ya baje. In ta matse su, ya miƙe ya cika fuskar kwamfutar. In ta yanke gefen dama tun kafin a iso wurin, kai ka ce ba a taɓa yinsa ba. Amma da zarar ta bar manhajar ta zaɓi iyaka da kanta, sai ga shi ya dawo ya tsaya ƙyam a wurin da dalma take tsayawa.

Tun hantsi take neman wanda za ta ɗora wa laifi. Ta zargi salatif ɗin da aka manna samfurin da shi, ta buɗe awonsa shi kaɗai, layi ya fito sumul. Ta zargi mariƙin samfurin, shi ma ya fita. Ta ɗauko zanen dalma tsantsa ta ɗora a kan nata, tuddan biyu suka hau juna ba ko tazara. Da sauri ta rufe shi.

Wayarta ta yi ƙara a gefen teburin. Maigida ne: “Ya ake ciki?” Ta kife ta. Ga aiki ya ƙi ci, ga gida da nasa. Auta ya sake tashi da ciwon ciki, malamarsu tana ƙorafin ba ya riƙe karatu, mai gidan haya kuma sai gobe sai jibi yake yi da maganar bangon ɗakin yara da tsohon fentinsa ke ta zuba. Ta matse goshinta da yatsu, ta koma kan lambobin. Ta rage ta dama, ta ƙara ta sama, ta goge duka ta faro daga farko.

Injiniya, wanda ke kula da na'urar awon, ya leƙo da kofin shayi a hannu. Shi ya saka mata samfurin a ragowar lokacin wani aiki, ba tare da ya tambayi komai ba.

“Dakta, har yanzu kina kan ɗan farin abin nan? Ko suna babu a jikinsa. Na wane kamfani ne?”

“Na wani ne.”

Ya matso ya sunkuya, ya gyara tabarau. “Ai wannan dalma ce, gubar nan da ake samu a tsohon fenti.”

“Ƙila na'urarka ce take rawa.”

“Haba, Dakta. Na'urata takan yi rawa, amma ba kullum a wuri ɗaya ba. Kuma ba shafar sama ba ce, ta shiga jikin abin, da alama ta daɗe tana taruwa. In kayan sayarwa ne, ki gaya musu su janye shi tun wuri.”

“Ba na sayarwa ba ne.”

“To ki ji tausayin kwamfutar, ita ma baiwar Allah ce,” ya ce yana dariya. Da ya ga ba ta taya shi ba, ya ɗauki kofinsa ya fice.

Ta sake buɗe iyakar har layin ya kwanta, ta zauna tana kallonsa. Da wani ne ya kawo mata zane irin wannan, da tun daga bakin ƙofa za ta mayar da shi. Ɗalibai nawa ta hana wucewa a kan wannan dabarar? Ta sa hannu ta mayar da kowace lamba inda ilimi ya ce ta zauna, ba ƙari ba ragi. Tudun ya tashi. Ta buga shi a takarda, ta naɗe ragowar samfurin a auduga ta sa a aljihun jaka.

Ta juyo wayar ta rubuta wa maigida: “Ni zan ɗauko shi. Ka same mu a asibiti.”

A ƙofar makaranta yara suna ta fitowa a guje. Auta ya fito a baya, yana jan jakarsa a ƙasa. Da ya hango ta sai ya washe baki, giɓinsa na gaba ya bayyana.

“Umma, kin dawo mini da haƙorina? Kin ce aro kika yi.”