Wanda Ya Riga Fita Kunya

Hafsan sojan da ya zo ta'aziyya ya tarar da tsohon yana ɗaurin gero.

"Baba, yanzu kwamfuta ke gwada horon soja tukuna, ta tsara kowa ya koya da saurinsa. Ta yi wa ɗanka hasashen wata shida, ya gama a huɗu. Shi ya sa ya bi ayarin farko zuwa daji."

Tsohon ya ci gaba da ɗaure daminsa. Shi ya koya wa yaron, da tsumagiya, cewa a gayya kada kowa ya riga shi fita kunya.

Ɗan maƙwabcinsa, wanda kullum ake bari a tsakiyar gona ana yi masa dariya, har yau bai gama horon ba. Jiya ma ya bugo wa uwarsa waya.