In Dai Ina Raye

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken ɗinki da ta ji abin da autarta ke bita.

"In aka yi ruwa, ƙasa za ta jiƙe. Ƙasa ba ta jiƙe ba. Ke nan ba a yi ruwa ba."

"Dole ne?"

"Dole, Mama. Irinsu za a yi mana a jarrabawar jibi."

Uwar ta dubi wayarta a kan tarin yadi. Ranar da babban ɗanta zai tafi neman aiki, a bakin ƙofar nan ya ce, "In dai ina raye, duk Lahadi za ki ji muryata." Yau Lahadi ta tara ke nan, shiru.

"Littafin naki bai bar wata mafita ba?"

Sai lokacin yarinyar ta gane. Ta rufe littafin a hankali. "Sai dai in maganar farko ƙarya ce."

Uwar ta tuna irin dukan da ya sha a hannunta yana ƙarami, har ya daina ƙarya. Ta ɗaga hannuwa tana roƙon Allah Ya sa dukan nan ya tashi a banza.